Faɗan da Ramlatu Ba Ta Taɓa Yi Ba

Ramlatu tana bisa rufin gidan Ummu Yunus tana shanya lokacin da ta lura gidan ya yi shiru. Duk ranar da ta zo wanki nan unguwar Zahir, kunnenta ɗaya a tsakar gida take barinsa, inda yarinyar ke jera ƙwallayen dabino tana kora su kamar awaki, tana yi musu surutu. Yau ba motsin awaki, ba muryar mai kiwo. Ta saki rigar da ke hannunta cikin daro, ta ƙara ɗaure goyon Maryama, ta sauko tana tsallake matakala.

Ƙwallayen suna nan a jere a gindin randa. Takalman ma suna nan, ɗaya a kife, 'yan ƙanana na fatar akuya waɗanda ta ɗinka da hannunta, ta yi musu tafi ninki biyu saboda ƙafar yarinyar ba ta jure zafi tun ƙunar da ta yi a jirgin ruwa. Mai takalman ce babu.

Ta buɗe baki za ta ƙwala kira, sai ta tsaya da bakin a buɗe. Shekara biyar da haihuwar yarinyar nan, ba ta taɓa furta sunanta ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan uwar mijinta ta ci, kunya biyu a kan mutum ɗaya. "Ke" take ce mata, in kuma za ta ambace ta wurin wani sai ta ce "'yar tsohuwa." Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta can ƙasar Gumel, haka duk wata mace mai mutunci da ta sani take yi.

"Ke! Ke!"

Ta leƙa ɗakin girki, ta leƙa bayan buhunan gawayi, har cikin randar sai da ta leƙa. Uwar gidan ita ma ba ta nan, matar da ba ta fita da rana tsaka ko da me ake yi a gari. Tana cikin wannan aka buga ƙofa da sanda. Askari ne, ɗan sandan gari. Ya dube ta, ya dubi goyonta, ya yi mata Larabci a hankali yadda za ta gane.

"Ke ce 'yar Takari mai wanki? Umda na kira. Yarinyar tana can."

Umda shi ne mai unguwa. Shekarar Ramlatu biyu a Makka ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, ba ta kuma taɓa jin wani daga unguwarsu ta Nakkasa ya je irin wannan ƙofa ya dawo da labari mai daɗi ba.

Ta bi askarin. Watan Zulƙida ne, gari ya fara cika, raƙuma da motoci sai gogayya suke a lunguna, dutsen da ake takawa kuwa sai ka ce kasko. Mijinta Hashimu kwanansa tara a Arfa, yana cikin masu yashe rijiyoyi da kafa tantuna kafin alhazai su hau. Ko yanzu aka aika masa, sai gobe ya iso. Tana tafe tana juya abin a ranta: me yarinya 'yar shekara biyar za ta yi har a kai ta gaban Umda? Ba ta ɗauke-ɗauke. Ko mota ce ta buge ta? Da haka ne, da askarin nan ba zai yi tafiyarsa a natse ba.

Wurin zaman Umda rumfa ce a ƙofar gidansa, an shimfiɗa dardumai bisa dogayen bencina. A gabanta fili ne na dutse, fetal, ba inuwa ko ta tsuntsu. Yarinyar tana nan lafiyarta ƙalau, zaune a gefen wata mace mai baƙin lulluɓi. An sa mata sabuwar riga ruwan ɗorawa, an cika mata hannu da alawa. Ramlatu ta yi hamdala a zuci. Amma ba ta ruga ba, ba ta ko dube ta sau biyu ba, ga maza a zaune. Ta sami gefe ta durƙusa ta gaida Umda. Sai daga baya ta gane har wannan ma an lura da shi.

Wani mutum baƙi kamarta, cikin farar riga irin ta mutanen gari, da alƙalami a kunne, ya matso. Idris ne, magatakardan Umda. Kakansa ne ya zo daga Katsina, shi a nan aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi.

"Hajiya, Umda yana tambaya. Wannan yarinya, ta wa ce?"

"Ta gidanmu ce."

"Ba gida ya tambaya ba. Ke kika haife ta?"

Ramlatu ta dubi ƙasa. "E," ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Sai macen nan mai lulluɓi ta yi magana, Ramlatu ta gane muryar tun kafin ta ƙarasa kalmar farko. Ummu Yunus ce. Matar da ke ajiye mata kwanon shinkafa duk ranar wanki, wadda ta ba Maryama maganin ido da hannunta.

Idris ya ce, "Ta ce sau uku tana tambayar ki cikin wata bakwai. Sau uku kina ce mata ba 'yarki ba ce, 'yar wata tsohuwa ce. Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Amma ai…"

"Ta faɗa," ya gaya wa Umda, ya rubuta.

Umda tsoho ne, ba mugunta a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya sunkuyo wajen yarinyar ya tambaye ta a tausashe, Idris na juyawa.

"Ina uwarki, 'yata?"

"Inna? Inna ta rasu. Tana Ma'ala, an sa mata dutse."

"Wannan fa, wace ce?"

Yarinyar ta cire alawa daga baki, ta dubi Ramlatu ta yi murmushi. "Yaya ce. Uwar Maryama."

Gaskiya ta faɗa, gaskiyar da aka koya mata. Tun ranar yaye tsohuwa, uwar Hashimu, ta ɗauke ta, a tabarmarta take kwana, ita take kira Inna, har bara da Allah ya karɓi abarsa.

Sai a lokacin Ramlatu ta ga inda maganar ta dosa. Ba wanda bai san zancen ba a Nakkasa. Akwai marasa tsoron Allah da ke tasowa daga gida da 'ya'yan mutane, su ce nasu ne, in sun iso su sayar. Ita kanta ta sha tsine musu. An ce yanzu an sa ido, duk yaron da aka ƙwato sai a kai shi wani gida a Jidda, daga nan a sa shi a jirgi a mayar da shi hayin teku. Ta san wata Fatsuma a lungunsu wadda aka ɗauke wa ɗan ƙanwarta da take riƙo. Shekara biyu ke nan tana zuwa Jidda a ƙafa tana tambaya, ba a sami wanda ya san jirgin da ya hau ba.

"Malam Idris, don girman Allah ka gaya masa. A wurinmu ba a kiran ɗan fari. Ba a nuna shi, ba a ce nawa ne. Kunya ce. Kai ba ka san wannan ba? Kakarka fa, ba ta yi wa babanka ba?"

Idris ya sosa gemu. "Kakata… na tuna ba ta zama wuri ɗaya da babana. Mu mun ɗauka faɗa suka yi."

Ya juya ya yi wa Umda bayani, yana yi yana neman kalmomi da hannu. Umda ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye carbinsa.

"Ya ce, uwa ta ji kunyar abin da ta haifa? Kunyar me?" Idris ya kau da ido. "Ya ce, ko ba ta hanyar aure aka same ta ba?"

"Wa'iyazu billahi!"

"To, ya ce shi bai gane ba. Ya ce duk wanda aka kawo nan da yaro yana da labari, kuma kowane labari ya fi na jiya daɗin ji."

Ummu Yunus ta gyara zama. Ba da fushi ta yi maganar ba, muryarta ma rawa take, wannan shi ya fi ba Ramlatu tsoro. Rabin kalmomin ta tsinta da kanta, rabi Idris ya cike mata.

"Ya Umda, ba abin da ta ce ne ya hana ni barci ba. Abin da ba ta ce ba ne. Na haifi shida, muryata a kansu ta dushe. Matar nan wata bakwai a gidana, ban taɓa jin ta yi wa yarinyar nan tsawa ba, ko sau ɗaya. Jaririyar da ke bayanta, wuni take tana fama da ita: Maryama bari, Maryama sakar mini kunne, Maryama zan ci ƙaniyarki. Wannan kuwa? Ta fasa mini finjalin da na gada wurin uwata, matar nan ta zo ta share, ta ba ni haƙuri, ba ta ko harare ta ba. Ta hau katangar rufi, hawa uku daga ƙasa, ni na gani ta taga, matar nan ta zo ta tsaya a bayanta ta riƙe gefen rigarta, shiru, har ta gaji ta sauko don kanta. Wace uwa ce wannan? Dubi kitsonta. Dubi fatarta, kullum a shafe da mai. Ba tabo, ba shaidar bulala. Ya Umda, ina yarinya na ga irin waɗanda ake ciyarwa haka, a shafe su haka, ba a ɗaga musu murya don kada su rame. Na san inda ake kai su."

Ramlatu ta ji kamar an juye mata duniya a kife. Ranar katangar nan, yatsunta sai da suka yi kwana biyu suna ciwo saboda irin riƙon da ta yi wa rigar. Ranar finjali, a hanyar komawa gida ta dudduba hannuwan yarinyar da ido, daga gefe, ko ta yanke. Faɗa aikin tsohuwa ne. Ita ke kira, ita ke tsawa, ita ke cewa sa takalmi ja'ira. Da ta rasu ba wanda ya gaji muryar. Ramlatu sai dai ta bi yarinyar da takalmi ta ajiye a gabanta, ta kau da kai.

Umda ya tambayi shaidu. Wa ya ga haihuwar?

A Madani aka haife ta, can Sudan, lokacin suna tsinkar auduga don su tara guzurin ƙarasowa. Ungozomar tana can, in tana raye. Tsohuwa tana maƙabartar Ma'ala. Uban yana Arfa.

"Uba ba shaida ba ne, in ma uban ne," Idris ya juya mata, idonsa a kan takarda. "Ya ce motar Jidda za ta biyo nan kafin azahar ta wuce, akwai wasu yara a ciki. Yarinyar za ta bi su. In mijinki ya dawo ya nemi shaidu ya bi ta can. In taku ce za a ba ku."

"Can ina? Wane gida? Wa zai tambaya? Malam Idris, nan da kwana goma Jidda ba masaka tsinke, wa zai tsaya ya nemo masa yarinya guda?" Ta rarrafa ta matso. "To a sa ni a motar. A ɗaure ni ma, a tafi da mu tare."

"Ke kina nan. Maganarki daban ce, ba a gama ta ba."

Ta dubi askarawan biyu da ke bakin rumfa. Ta dubi lungun da ta biyo. Da goyo a baya, da yarinya a hannu, ko kwanar farko ba za ta kai ba. Ramlatu mace ce mai neman abin yi a kowane hali, ko a yanzu kanta bai daina aiki ba. Faɗa suke so su ji. To, a yi faɗa.

Ta juya ta dubi yarinyar ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta nemi laifi, ta ga alawa ta ɗiga a gaban sabuwar riga.

"Ke… kin ɓata riga. Ba kyau."

Muryar ta fito siririya, kamar ta mai roƙon gishiri a maƙwabta. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo mata ragowar alawar. Ɗaya daga cikin askarawan ya yi tsaki. Umda ya dubi Idris, Idris ya dubi takardarsa. Ramlatu ta san ta ƙara ɓata abin.

Umda ya koma kan carbinsa. Maryama ta farka tana ƙananan kuka, Ramlatu na jijjiga ta ba tare da ta san tana yi ba. Kowace ƙara ta taso daga bakin hanya sai ta waiga, in ta ga jaki ne ko amalanke sai ta saki numfashi. Ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta koma farko, ta rikice a tsakiya.

Sai ga ta. Babbar mota ce mai bodin katako, ta tsaya can ɗaya gefen filin saboda ba ta iya juyowa kusa da rumfa. Direban ya danna oda sau biyu. Ta tsakanin katakan ana hango yatsun yara biyu a maƙale.

"Mota!" Yarinyar ta zame daga benci. Tun zuwansu garin nan take roƙon a sa ta a mota, kuma da safe Ummu Yunus ta ce mata yau za ta hau. Kafin wani ya miƙa hannu ta fita daga inuwa, ta sheƙa cikin filin nan da gudu, ƙafa ba takalmi, rana a tsakar ka.

"Ruƙayyatu!"

Sunan ya fito kamar an tsage shi daga ƙirjinta. Tantabarun da ke kan rumfa suka tashi gaba ɗaya. Ramlatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Askari ya tare ta da sanda, ta ture sandan kamar kara, ta fita cikin rana.

"Ruƙayyatu, don ubanki tsaya nan! Ina takalmanki? Ina takalmanki, na ce! Uban wa ya ce ki taka dutsen nan haka? Ƙafar da na yi kwana arba'in ina shafa wa man shanu, ita za ki je ki soya mini? Daga Jidda har garin nan a bayana kika zo, kwana biyu a ƙafa, kina ta tsula mini fitsari, tsohuwa na cewa kawo ta in karɓe ki, ina cewa ba nauyi. Ba nauyi! Ke da kika zo duniya kamar buhun gero, kwana biyu ina naƙudarki a bukkar auduga har ungozoma ta fara cewa in yi shahada! Kika cije ni, ga tabon nan har yau. Ƙyanda ta kama ki, ina tsugune bayan zana ina sauraren numfashinki, ba halin in shiga in gani. Yanzu an ba ki alawa, an ba ki riga, kin ga mota, shi ke nan sai tafiya? Ko waiwaye babu? Ja'ira mai kunnen ƙashi! Finjalin mutane da kika fasa, kin ɗauka na manta? Katangar da kika hau, kin san abin da kika sa zuciyata ta yi? Zo nan! Zo nan kafin in zo in same ki!"

A rumfa Idris ya fara aikinsa, yana in'ina. "Tana cewa… ubanta… da takalmi… da wani buhun gero…"

"Yi shiru, ya Idris," in ji Ummu Yunus. Ta riga ta miƙe tsaye.

Yarinyar ta ƙame a tsakiyar fili, tana ɗaga wannan ƙafa tana sauke waccan. Alawar ta faɗi. Wannan bakin bai taɓa ɗaga mata murya ba tun da take. Sai ta ɓarke da kuka irin wanda ake ji har lungu na uku. Ummu Yunus ta fito bakin inuwa ta buɗe mata hannuwa tana kiranta da daɗin baki. Yarinyar ta taho da gudu, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta faɗa kan gwiwoyin mai yi mata faɗan, ta cusa kai cikin zanenta.

"Yaya ki bari! Yaya na daina!"

"Kin daina me? Ɗaga ƙafar!"

Sai da Ramlatu ta durƙusa bisa dutsen nan mai ƙuna sannan ta ga takalman a hannunta. Tun daga gindin randa take riƙe da su, har gaban Umda, ba ta sani ba. Ta tallafi ƙafar, ta duba tafin, ya yi ja amma bai tashi ba. Ta tura takalmin hagu a dama, ta yi tsaki, ta cire, ta sake, bakinta bai tsaya ba, hawaye na shiga mata baki tana faɗan da su. Maryama ita ma ta ɗauka daga baya.

Direba ya sake danna oda.

Ummu Yunus ta daɗe a tsaye tana kallonsu. Sannan ta juya.

"Ya Umda, ni na kawo ƙara, ni na janye. Ban ji kalma ɗaya ba cikin abin da ta faɗa, amma wannan faɗan ba na yau ba ne. Ajiyayye ne, ya daɗe a ciki."

Umda ya shafa fuska da hannu biyu. Ya dubi motar, ya dubi takardar Idris, ya yi magana a gajarce.

Idris ya fito har cikin rana ya same ta. "Ya ce abin da aka rubuta ba a goge shi da kuka. Amma yau ba za ta hau ba. Kwana uku ya ba ku. Uban ya zo da mutum biyu da suka san ku tun Sudan, su rantse a gabansa. Ummu Yunus ta tsaya muku ba za ku gudu ba. In kwana uku ya cika ba ku zo ba…" Ya nuna motar da haɓa, ya koma inuwa.

Mutum biyu. Malam Awwalu mai ɗinki, ɗaya ke nan, tare suka baro Madani. Na biyun fa? Ta bi fuskokin mutanen ayarinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rasu a Sawakin kafin a hau jirgi, wancan ya wuce Madina, wancan ya koma gida bara. Akwai wani mai sayar da ruwa da aka ce an gani a unguwar Jarwal, sai dai ba ta tabbata shi ne ba.

Motar ta tashi. Da ta zo juyawa, ɗaya daga cikin yaran da ke baya ya manna fuska a tsakanin katako yana kallon su. Ramlatu ta ja kan 'yarta ta danna a cikinta har ƙarar ta ɓace. Ba ta san ɗan wa ba ne. Ba ta san ko shi ma akwai wata a wani lungu da ba ta iya kiran sunansa ba.

Ummu Yunus ta tsaya a kansu, ta ɗan ɗage lulluɓi, idanunta sun yi ja.

"Wankin yana nan a daro, gobe kya ƙarasa. Rigar ta riƙe, na ba ta." Sannan ta ƙara, tana jan kalmomin yadda Ramlatu za ta gane. "In ta sake fasa mini finjali, ina so in jiyo ki daga kasuwa."

Ramlatu ba ta san ko godiya za ta yi ba, ko me. Ta gyaɗa kai kawai.

Hanyar Nakkasa da nisa, ga hawa. Ba ta saki wuyan hannun yarinyar ba ko da za ta gyara goyo. Duk motar da ta taho sai ta manne da bango har ta wuce. Tana tafe tana tsara abin da za ta yi: ta fara biyawa wurin Malam Awwalu, shi zai san wanda za a aika Arfa, gobe da sassafe kuma ta nufi Jarwal ta bi masu ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Sun fara hawan dutse yarinyar ta ja hannunta. Har yanzu tana ajiyar zuciya.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Ashe kin san sunana?"

Ramlatu ta ƙara damƙe hannunta. Ta ci gaba da hawa.

A bakin lungunsu mata uku na zaune a inuwar bango suna ɓarar gyaɗa, cikinsu har da wata dattijuwa 'yar garin su Hashimu, wadda ta yi wa tsohuwa wanka ranar da ta rasu, wadda ba abin da ke wuce ta bai isa kowane gida ba kafin magariba. Ramlatu ta ji kunyar nan ta taso mata tun daga ƙafa, yadda ta saba. Ta rage tafiya. Sai ta tuna yatsun nan a tsakanin katako.

Yarinyar ta hango ƙawayenta na wasa, ta fara murɗa hannu za ta zame.

"Ruƙayyatu," in ji Ramlatu, da ƙarfin da duk lungun zai ji, "in kika cire takalman nan, ni da ke ne."

Hannuwan matan suka tsaya cak a cikin gyaɗa. Dattijuwar ta ɗago kai a hankali, baki buɗe. Ramlatu ta gaishe su ba ta tsaya ba, ta wuce gidan Malam Awwalu, tana jan 'yarta.